Katin Ƙarshe a Allon Auta

"Wane mara aikin yi ne ya taɓa mini aji?!"

Har ofishin shugaban makaranta sai da aka ji muryar Malama. Tana tsaye a bakin ƙofa, jakarta ta faɗi ƙasa ba ta ma sani ba.

Ajin da ta kulle ranar Juma'a ba shi ne wannan ba. Kujerun da ke jere layi huɗu an mayar da su da'ira. Kabad ɗin littattafai ya bar bayan ƙofa ya dawo tsakar hanya. Ga balan-balan ja da rawaya an liƙe bango da su, sai ka ce wurin biki.

A gindin kabad ɗin wata ɗaliba makauniya 'yar shekara tara, wadda ake kira Lauya saboda bakinta, tana zaune dafe da goshi, jini na bin yatsunta. Ƙarƙashin tebur kuwa Auta ce, ƙanwar Malama uwa ɗaya uba ɗaya, ta toshe kunnuwa tana jijjiga gaba da baya, tana wani ihu mai tsaga zuciya.

"Ni ne..."

Ta juya. Sabon ɗan sa-kai ne da wata ƙungiyar agaji ta turo daga ƙetare, kwanansa huɗu kacal a makarantar. Dogo, fes da shi, kati na reto a wuyansa da hotonsa yana washe baki.

"Asabar da Lahadi na zo na gyara," ya ce da karyayyen harshensa na wanda aka haifa a waje. "Na ga ajin ba fara'a. Na so in ba yaran mamaki..."

"Mamaki!"

Ta dube shi tun daga takalmi har gashin kai, ta ja tsaki.

"Taku goma sha ɗaya yarinyar nan take yi daga ƙofa zuwa kujerarta. Shekara biyu tana ƙirga su, har ta ajiye sandarta a cikin aji. Yau ka dasa mata kabad a taku na shida. Waccan kuma da ke ƙarƙashin tebur, ko fensir aka matsar mata sai duniyarta ta kife. To ka ba su mamaki, sannu da ƙoƙari!"

"Malama," in ji Lauya daga ƙasa, "wane launi ne balan-balan ɗin? In sani, in gode masa."

Sai ya yi tsuru-tsuru, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Kada mai karatu ya ga baƙin Malama. Shekararta bakwai tana riƙe da ajin haɗaka, yara talatin, shida makafi, biyu masu lalurar nan da likita ke kira otizim, 'yan unguwa su ce galahanga, sauran kuwa lafiyarsu lau sai dai rashin ji. Kuma duk wata shida sai ƙungiya ta sauke mata sabon mai ceton duniya. Ta ga wanda ya zo ya zana bakan gizo a bangon makafi. Ta ga wadda ta yi wata uku tana kuka don tausayi, yaran na ba ta haƙuri. Su rungumi yaro, a ɗauki hoto, su hau jirgi, shi ke nan an taimaki bayin Allah!

Wadda ba za ta taɓa yafe wa ba ita ce Mai Jita, wata 'yar sa-kai da ba ta rabuwa da jitarta ta kiɗa.

Auta, ɗaya daga cikin masu otizim ɗin nan, ba ta yarda da maganar baki. Allo gare ta a bango, mai manne, da katuna masu hoto a jere: wanke hannu, karatu, hutu, abinci, Malama, gida. Abin da ke kan allo shi zai faru, kuma da wannan kaɗai yarinyar take iya ratsa yini ba tare da firgita ba. Mai Jita ta liƙa hotonta a allon don tsabar son a ce ana son ta, ran nan aka wayi gari ta tafi ko sallama babu. Auta ta kwana uku tana nuna katin. A na huɗu ta ɓalle allon ta jefar, 'yan kalmominta goma sha biyu suka ɗauke ɗif, sai da aka yi wata huɗu kafin ta sake cewa "ruwa".

Tun daga ranar Malama ta kafa doka: hoton baƙo ba ya hawa allon Auta.

"Ka mayar da komai inda ka same shi," ta ce masa bayan ta ɗaure goshin Lauya ta lallaɓo Auta. "Kuma ba ni zan duba ba. Lauya za ta duba."

Awa uku ya yi yana jan kujeru, Lauya na bin layi tana ƙirga taku.

"Saura kaɗan."

Ya matsar.

"Ya yi yawa. Kai wai a ƙasarku ba a koya muku auna abu ne?"

Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Malama na zaune tana gyaran littattafai, ko kallo bai ishe ta ba. Da aka gama sai ta ga ya durƙusa da farin salatif, yana yi wa ƙafar kowace kujera alama a ƙasa.

"Me kuma za a ɓata?"

"Don ko wani wawa ya sake zuwa bayana," ya ce ba tare da ya ɗago ba, "a san inda za a mayar."

Ta taɓe baki. Daga ranar ta raɗa masa Mai Gyara, sunan ya bi shi har bakin mai gadi.

Abin haushi, mutumin nan bai da zuciya. Ta yi masa wankin babban bargo da safe, da rana ya zo yana tambayar yadda ake riƙe tsinken huda takardar rubutun makafi. Ya daina shigowa aji da turare tun da ya lura Auta na toshe hanci. Ya koyi faɗin sunansa kafin ya yi wa makaho magana, ya koyi ba da gwiwar hannu maimakon jan yaro kamar akuya. Kullum ƙarfe goma zai zauna nesa da Auta da taku uku, yana jera murafun kwalba kamar yadda take jera nata, ba ya ce mata uffan.

"Na nawa kuma," Malama ke cewa a ranta. "Duk wata biyun farko haka suke."

Wata na uku ya shiga bai fasa ba. Ita kuwa ta fara kama kanta tana duba agogo idan bakwai da rabi ta wuce bai iso ba, sai ta ji haushin kanta ya ishe ta.

Ran nan ana tsakar darasin lissafi, Lauya ta ɗaga hannu.

"Malama, na tsinci takarda a teburinki. Rubutunmu ne. In karanta?"

Kafin Malama ta buɗe baki, yatsun yarinyar sun hau kan ɗigo.

"Ma-la-ma-ta... idan ki-ka ha-ra-re ni... sai in ji ka-mar an ba ni kyau-ta..."

Ajin ya kaure da shewa!

"Ha-sken i-do-na..." Lauya ta tsaya. "Wannan kuma mu bai shafe mu ba."

Mai Gyara na bayan aji, ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage. Wai shi nan dabara ya yi, ya rubuta da rubutun makafi don kada kowa ya gane, a ajin da yara shida ke karanta shi da gudu fiye da yadda yake karanta jarida!

Da aka tashi ta tsare shi a baranda.

"Kai dai komai ka taɓa sai ya zama abin kallo."

"Amma kin ji saƙon..."

"Duk makarantar ta ji."

"To amsa fa, farin cikina?"

"Kada ka ƙara kirana haka!"

Ta wuce fuu. Sai da ta sha kwana ta gane murmushi take yi, ta yi maza ta haɗe rai. Takardar kuwa a jakarta ta kwana, ba ta shiga kwandon shara ba.

Mama ba ta buƙatar a gaya mata. Tana ninke wanki a tsakar ɗaki ta ce, "Wannan ɗan sa-kan da kike zagi sau goma kafin ki cire takalmi, son shi kike yi."

"Haba Mama! Ni? Wancan?"

"Ni na haife ki. Ki saurare ni da kyau, ban yarda ba. Mutumin da ya zo da tikitin komawa a aljihu ba miji ba ne. Iyayensa sun bar ƙasar nan tun kafin a haife shi, ba mu san su ba, ba su san mu ba. Kin ga yadda tafiyar waccan mai kiɗan ta yi wa ƙanwarki. Ita kati ta rasa. Ke me kike so ki rasa?"

Malama ta jawo wanki ta shiga taya ta ninkewa.

Washegari abin da take tsoro ya faru. Ƙarfe goma Auta ta tashi daga wurin murafunta, ta taka har gaban Mai Gyara, ta zare katin wuyansa. Ba ta kalli fuskarsa ba, dama ba ta kallon fuskar kowa. Ta je ta danna hoton a allo, tsakanin karatu da hutu.

Malama ta juyo ta dube shi.

"Ban sa ta ba," ya ce da sauri. "Wallahi ban sa ta ba."

"Na sani," ta ce. "Da kai ka sa ta da abin ya zo da sauƙi."

Labarin wasiƙa bai tsaya a makaranta ba, ya kai kunnen jami'ar ƙungiya, wadda ke kawo 'yan sa-kai tana kwashe su. Malamai na kiranta Madam Hoto, don ba ta taɓa shiga aji ba kyamara ba, kuma ba ta san sunan yaro ko ɗaya ba. Tun a filin jirgi ta ƙyalla ido a kan Mai Gyara, kowa ya sani.

Ta sami Malama a ɗakin malamai, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa.

"'Yar'uwa, na ji abin arziki," ta ce tana wani lanƙwasa murya. "Sai dai ina tausayinki. Duba nan."

Ta miƙo takarda. Jerin waɗanda za a tura wata ƙasa zango mai zuwa ne. Sunansa na biyu, nata na ɗaya.

"Tare za mu tafi. Kin san irinsu, duk inda suka sauka sai sun sami wata 'yar malama da za ta ɗebe musu kewa. Kada ki ɗauka da zafi."

Malama ta miƙa mata takardarta.

"Ki sa shi a jaka ki tafi da shi yau ma. In kina so in haɗa miki da balan-balan."

Bakinta ne ya faɗi haka. Zuciyarta kuwa ba haka ta ce ba.

Saura kwana ashirin ya tafi, ya same ta bayan an tashi, riƙe da doguwar takarda a naɗe.

"Ban liƙa komai ba," ya fara cewa. "Tambaya na zo yi."

Ya warware. Katuna ashirin masu hoton rana, sai katin jirgi. Auta za ta riƙa cire ɗaya kullum, ta san ranar tafiyarsa tun kafin ta zo. Cikin shekara bakwai ba wanda ya taɓa tunanin koya wa yarinyar sallama.

Amma takardar ba ta ƙare a jirgi ba. Bayansa akwai wasu ranaku sittin, a ƙarshensu kuma hotonsa.

"Wannan fa?"

"Ranar dawowata. Zan je in ajiye aikina na can, in yi magana da iyayena, in dawo in ga Mama. Kwana sittin, Malamata."

Ta yi wata dariya mara daɗi.

"Daga wace ƙasar za ka dawo? Wadda za ku je da Madam?"

"Ita ta sa sunana ba ta tambaye ni ba! Na ce ta cire..."

"Ka ga, ni ka yi mini ƙarya, na saba, babba ce ni. Amma allon nan ba wurin daɗin baki ba ne. In ka sa katin nan ranar ta zo ba ka zo ba, ba kai za ta daina yarda da shi ba, allon za ta daina yarda da shi. Kuma ba ta da wani abin bayan shi. Ka gane, ko sai na huda maka a takarda?"

"Na gane. Shi ya sa na sa."

Ba su lura Auta na bayansu ba. Sai hannu suka gani ya fizge takardar. Ta kai bango, ta bi katunan da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ta tsaya a kan hoton.

"Gyara," ta ce.

Kalma ta goma sha uku ke nan.

Ranar tafiya Auta ta cire katin jirgi da hannunta, ta ɗaga masa hannu, ta koma kan murafunta. Ko ƙwalla. Malama ce ta shige bayan kabad ta daɗe tana neman littafin da ke hannunta.

Kwana tara da tafiyarsa saƙo ya shigo wayarta daga Madam Hoto. Hoto ne, su biyu a filin jirgi, ta kwantar da kai kusa da kafaɗarsa. A ƙasa ta rubuta: "Mun sauka lafiya, yana gaida yara."

Da Malama ta nutsu da ta ga rigar da ya tafi da ita ce a jikinsa, da ta gane tsohon hoto ne na ranar rakiya. Ina! Wanda ya shekara bakwai yana jiran a ci amanarsa ba ya tsayawa duba riga. Nan take ta toshe lambarsa. Da aka tashi ta ɓalle ranakun nan da suka rage da hotonsa, ta tura can ƙasan jakarta. Gara yarinyar ta yi kukan yanzu da ta yi na ranar sittin.

Wato ita da ta yi wa bawan Allah tijara a kan taɓa aji ba shawara, ita ce ta taɓa allon Auta ba ta gaya mata ba.

Da safe ta shirya wa ihu. Ihu bai zo ba. Auta ta tsaya gaban bangon da babu komai, ta daɗe, sannan ta ɗora yatsa a wani wuri ta koma ta zauna. Washegari ta sake, yatsan ya matsa gaba kaɗan. Jibi ma haka.

Ƙirga take yi.

"Auta, babu," Malama ta ce mata ran nan. "An cire. Ba zai zo ba."

Yarinyar ko ta juyo.

"Ai ga irinta nan," in ji Mama da ta ji labari. "Ya tafi ya bar mana aiki."

Malama ta rame. Duk wanda ya ambaci ɗan sa-kai a gabanta sai ya yi da ya sani. Kowace safiya tana kallon yatsan nan yana matsowa ƙarshen bango, tana tsine wa jirgi da wanda ya ƙera shi.

Ranar ta sittin, ƙarfe goma, Auta ta miƙe. Ta kama kujerarta, kujerar da ko mai shara bai isa ya gusar daga kan farin salatif ba, ta ja ta ƙiiii har bakin ƙofa, ta zauna tana fuskantar waje.

Ajin duka ya juyo wajen ƙarar.

Aka fita hutu, ba ta motsa ba. Aka kawo abinci, ta ture. Sha biyu ta wuce. Ɗaya ta wuce. Ta fara jijjiga a hankali, hannuwanta na tafiya wajen kunnuwa. Malama ta san abin da ke biye da wannan, ta gan shi lokacin Mai Jita, ba ta fatan ta sake gani. Alli ya karye a hannunta.

"Allah ya isa tsakanina da kai," ta faɗa can ƙasa-ƙasa, hawaye na zubo mata a gaban yara. "Allah ya isa..."

Saura minti goma a tashi, Lauya ta ɗago kai daga takardarta.

"Malama."

"Ki yi aikinki."

"Mai Gyara ne. Takalminsa na hagu har yanzu yana ƙara."

Sai ga shi a bakin ƙofa, yana haki, riga duk ta yamutse, jakar tafiya a hannu da takardar jirgi maƙale a jikinta. Bai shigo ba. Ya dubi Auta, ya dubi layin da kujerarta ta bari a ƙasa, ya dubi Malama.

"Na ga an matsar da kujera ɗaya," ya ce. "Wallahi ba ni ba ne."

Yara suka ɓarke da ihu. Auta ta sauke hannuwanta. Ta tashi, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta nufi teburin Malama, ta zuge jaka, ta tura hannu can ƙasa. Ashe duk kwanakin nan ta san inda yake! Ta fito da katin ya ɗan lanƙwashe, ta kai allo, ta danna shi a jikin na Malama, daf da katin gida.

Kunya ta rufe Malama har ta rasa inda za ta kalla.

"Kin cire," ya ce a hankali.

"Na cire."

"Kin toshe ni kuma. Kwana hamsin da ɗaya ina kira. Jirginmu ya yi jinkirin awa biyar, na ce yau in ban iso ba kashe ni za ki yi."

"Madam fa?"

"Tana can ita da kyamararta. Kawuna yana mota a waje, ya ce ba zai koma ba sai ya ga Mama." Ya nuna cikin ajin. "In shigo, farin cikina?"

Ta share fuska da bayan hannu, ta tattaro ɗan abin da ya rage mata na harara ta watsa masa.

"Ƙarfe goma aka sa ka. Dubi agogo."

"Na yi laifi."

"Ka ɗauki kujerar nan ka mayar kan alamarta. Kusa da ta Lauya take, taku goma sha ɗaya ne, kuma kada ka taɓa mini komai a hanya."

Ya ajiye jakarsa, ya ɗauki kujerar, ya fara takowa. Lauya na ƙirga masa da ƙarfi.